Maganin Kyauta da Binciken Takardun Biya a Gidajen Likita

A watan Agusta na shekarar 2024 majalisar ministoci ta zauna a Yamai, ta yanke shawarar rage kuɗin da marasa lafiya ke biya a asibitocin gomnati da kashi 50 cikin ɗari. Ta kuma mai da haihuwa kyauta, ta soke jaka 150 da masu wankin ƙoda kan biya kafin a soma yi musu aiki. Sabon farashin ya fara aiki ran 1 ga watan Satumba na wannan shekara. Talakawa sun yi murna, kuma murnar tana da dalili. Amma allura da ƙwayar magani da auduga duk saye ake yi. Abin da aka ɗauke daga kan marar lafiya yana komawa kan baitulmali, ko kuwa ya danne asusun gidan likitan. Wannan shi ya sa ya kamata a sake duba wata tsohuwar magana, watau takardun da gidajen likita ke aika wa gomnati domin a mayar musu da kuɗin aikin da suka yi kyauta, da yadda ake binciken waɗannan takardu.

ASALIN MAGANAR

A shekarar 1987 ministocin kiwon lafiya na ƙasashen Afirka suka taru a Bamako, tare da hukumar lafiya ta duniya da hukumar UNICEF. A wannan zamani ɗakunan shan magani da yawa ba su da ko ƙwaya ɗaya a kan kanta. Sai aka amince cewa jama'a su riƙa ba da ɗan wani abu, a tara, a sayi magani da shi, kuma mutanen gari su sa ido a kan asusun. A Nijar an gwada wannan tsari daga 1993 a gundumomin Boboye da Say, sannan dokar shekarar 1995 ta shimfiɗa shi a duk faɗin ƙasa. Tun daga nan gidan likita na CSI ya samu mai karɓar kuɗi, da littafin resi, da kwamitin mutanen gari wanda ake kira COGES.

Tsarin yana da nauyi a kan matalauta, domin mata da yawa sun riƙa zama da yaro a ɗaka har ciwo ya ci ƙarfinsa saboda rashin abin biya. Amma yana da wani amfani guda da ba a cika lura da shi ba. Wanda ya ciro kuɗi daga aljihunsa yana lissafi da kansa. Ya san nawa ya bayar, ya san abin da aka ba shi, kuma in an cuce shi zai yi magana. Kowane marar lafiya ɗan bincike ne da ba a biyan shi albashi.

A zamanin shugaba Tanja Mamadu aka sauya hanya. A watan Nuwamba na 2005, shekarar da aka sha wahalar ƙarancin abinci, aka mai da tiyatar haihuwa kyauta. A watan Afrilu na 2006 aka ƙara da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar da awon ciki. Magungunan tazarar haihuwa da maganin sankarar mata su ma sun shiga cikin jerin. Cikin 2007 abin ya kankama a jihohi. Uwaye suka cika gidajen likita. Wani bincike da mujallar likitoci ta The Lancet ta buga a 2012 ya nuna cewa a 1998 yara 226 cikin kowane 1000 ke rasuwa a Nijar kafin su cika shekara biyar, amma a 2009 adadin ya sauka zuwa 128. Kyautar magani na cikin dalilan, tare da ɗakunan shan magani da aka gina a ƙauyuka, da rabon gidan sauro, da kulawa da yara masu tamowa. Saboda haka abin da ake magana a kansa rayukan yara ne.

HANYAR DA TAKARDA KE BI

Dokar kyauta ta ce gidan likita ya yi aiki tukuna, gomnati ta biya daga baya. Majon CSI zai duba rajistarsa, ya ƙidaya yaran da aka gani da matan da aka yi wa awo, ya ninka da kuɗin da aka yanke wa kowane aiki, ya rubuta faktir. Faktir ɗin zai tafi wurin shugabannin kiwon lafiya na gunduma, daga can zuwa ofishin jiha, daga can zuwa ma'aikatar kiwon lafiya a Yamai, sannan ma'aikatar kuɗi, sannan baitulmali. A kowane zango ana iya tsai da takarda saboda kuskuren lissafi ko rashin sa hannu.

Masu binciken cibiyar LASDEL da ke Yamai sun bi diddigin wannan tsari shekara da shekaru, kuma a 2014 Jean-Pierre Olivier de Sardan da Valéry Ridde suka fitar da littafi a kan kyautar magani a Burkina Faso da Mali da Nijar. Abin da aka gani a Nijar shi ne, an ba da umarnin kyauta kafin a tanadi isassun kuɗi da ma'aikatan da za su tace takardu. Biya ya riƙa jinkiri wata da watanni, wani lokaci fiye da shekara, har bashin da gidajen likita ke bin gomnati ya kai miliyar masu yawa na kuɗin sefa. A 2012 sai da aka kira babban taron ƙasa a Yamai domin neman yadda za a ceto tsarin.

Illar jinkirin a bayyane take. Asusun da COGES ya tara tun zamanin biya ya ƙare. Masu sayar da magani, har da ofishin ONPPC na gomnati, ba su iya ba da bashi har abada. Kanta ta zama wayam. Uwa ta kawo yaro, an duba shi kyauta, an miƙa mata takarda ta je ta sayo magani a waje. A idonta kyauta ta zama suna kawai.

Akwai wata illa da ta fi wannan ɓoyuwa. Ma'aikacin da ya san faktir ɗinsa zai kwana a biro shekara guda, kuma ba lalle a biya shi duka ba, yana iya fara tunanin ƙara lamba domin abin da zai dawo ya rufe ramin. Wanda kuma ya san ba mai karanta takardar, ba ya damuwa da gyara ta. A haka rashin biya ke haifar da rashin gaskiya, rashin gaskiya kuma ya ba ma'aikatar kuɗi hujjar ƙara jinkiri. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ɓoye wannan gaskiya ba zai gyara lissafi ba.

ƘOFOFIN ZAMBA

Hanyoyin cuta a takardun likita sanannu ne a duk duniya, kuma ba su da yawa. Ta farko ita ce marar lafiyan da babu shi, watau sunan da aka rubuta a rajista alhali mai shi bai taɓa taka ƙofar ba. Ta biyu ita ce biya biyu, a karɓi kuɗi hannun uwa ba tare da resi ba, a kuma sa yaronta cikin faktir ɗin gomnati. Akwai rage shekaru, inda yaro ɗan shekara bakwai ke komawa ɗan huɗu a takarda, abin da ke da sauƙi a ƙauyukan da yara da yawa ba su da takardar haihuwa. Akwai raba ciwo ɗaya gida uku, ta yadda dawowar da aka ce uwa ta yi domin a sake duba yaro sai a rubuta ta a matsayin sabon zuwa. Akwai ɗaga darajar aiki, a yi ƙarami a rubuta babba. Sai kuma fitar magani ta ƙofar baya, ya ɓulla a tiren ƴan talla a kasuwa, inda rana ke dukan shi har ya lalace.

Kada a raina ƙanƙantar lamba. A ɗauka, domin misali kawai, ana mayar wa wani gidan likita tamma 500, watau dala ɗari, a kan kowane yaro. In aka ƙara sunaye huɗu na ƙarya kowace rana, a wata sun zama 120, kuɗinsu jaka 60. A shekara jaka 720 ke nan. In gidajen likita ɗari suka yi haka, miliyan 72 sun salwanta, kuma babu rana ɗaya da wani ya ɗauki abin da ya wuce jaka biyu. Da yayyafi kogi kan cika.

Wajibi ne kuma a raba kuskure da zamba. Majon da ke ganin yara ɗari a yini lokacin damina, shi kaɗai da mataimaki ɗaya, sannan ya zauna da dare yana cika takardu da fitila, zai yi kuskuren lissafi. Kuskure yakan faɗi ta kowane ɓangare, wani lokaci sama, wani lokaci ƙasa. Zamba kuwa kullum gefe ɗaya take karkata, gefen da ke ƙara kuɗi. Mai bincike da bai san wannan bambanci ba zai kashe zuciyar ma'aikatan kirki, waɗanda su ne suka fi yawa.

Matsalar ba ta tsaya ga ƙananan gidajen likita ba. A 2013 kotu a Yamai ta tsare likitoci da ma'aikatan lafiya wajen ashirin, bayan da hukumar GAVI mai taimakon rigakafi ta binciki yadda aka kashe kuɗinta a shekarun baya ta ce akwai kashe-kashen da ba su da gamsassun takardu. Raba mai laifi da marar laifi aikin alƙali ne. Darasin da ya rage ga kowa shi ne, binciken ya zo shekaru bayan kashe kuɗin, lokacin da takardu sun watse, ma'aikata sun sauya wurin aiki, sunan ƙasa kuma ya riga ya taɓu a wurin masu ba da taimako.

Ƙasashe masu arziki su ma ba su tsira ba. A Faransa, asusun inshorar lafiya ya ce a shekarar 2023 ya gano zamba ta Yuro miliyan 466, abin da ya haura miliyar 300 na kuɗin sefa, kuma kaso mafi girma na kuɗin ya fito ne daga masu ba da magani da kayan aiki, ba daga marasa lafiya ba. A Amurka akwai doka tun 1863, zamanin shugaba Abraham Linkon, wadda aka yi domin ƴan kwangilar da ke cutar sojoji, aka kuma ƙarfafa ta a 1986. Da ita ake kama asibitoci da kamfanonin magani masu aika wa gomnati takardun ƙarya, kuma wanda ya tona asirin yana samun rabo cikin abin da aka ƙwato. Duk inda mai shan magani daban, mai biya daban, to akwai ƙofa, sai an sa mata mai gadi.

SHAIDU UKU

Binciken kirki ba ya tsayawa ga faktir, domin takarda ba ta ƙin tawada. Shaidu uku ake tambaya, a ga ko bakinsu ya zo ɗaya.

Shaida ta farko ita ce rajista. Mai bincike zai ƙidaya sunayen da ke ciki ya gwada da lambar da ke kan faktir, ya kuma gwada da rahoton wata da gidan likitan ya aika domin ƙididdigar ƙasa, wanda yanzu ake shigarwa a kwamfuta ta tsarin DHIS2. In faktir ya ce 900, rahoton wata ya ce 600, akwai tambaya. Zai duba ko shafi guda duk an cika shi da hannu ɗaya da alƙalami ɗaya kamar a zama ɗaya, ko sunaye na maimaita kansu.

Shaida ta biyu ita ce ɗakin ajiyar magani. Kowane magani yana da katin da ake rubuta shigarsa da fitarsa. Wanda ya ce ya yi wa yara 500 maganin zazzaɓin cizon sauro, to a ga fitar abin gwajin jini da ƙwayoyin da suka yi daidai da haka. Asibitin da ya ce ya yi tiyatar haihuwa talatin, a ga sunayen matan a littafin ɗakin tiyata da na kwanciya, a ga zare da maganin sa barci da aka yi amfani da su. Lokaci ma shaida ne. Kowa ya san zazzaɓin cizon sauro yana tashi ne daga tsakiyar damina zuwa kaka. Gidan likitan da lambarsa ta watan Maris ta yi daidai da ta watan Satumba, ya kamata a kai masa ziyara.

Shaida ta uku ita ce marar lafiya da kansa. Ana zaɓen wasu sunaye daga rajista ta hanyar ƙuri'a, a tura mutum ƙauyen ya nemi gidan. Ya tambayi uwa ko ta kai yaronta ran kaza, ko an ba ta magani, ko ta biya wani abu, ya kuma duba karnen yaron. Wannan ita ce shaidar da ta fi wuyar saye, kuma ita ce ke mayar wa talaka matsayin da ya rasa ran da aka daina karɓar kuɗi a hannunsa. Sharaɗi shi ne a kiyaye sirrin marar lafiya, kada ciwon mutum ya zama hirar dandali.

Mai binciken shi ma yana da nasa ƙa'idodi. Kada wanda ake bincika ya zama shi ke ba shi man mota da abinci da kuɗin kwana. Kada mutum ɗaya ya dawwama yana binciken gunduma ɗaya. Kada wanda ya rubuta faktir ya zama shi ke tabbatar da shi. A ba wanda aka bincika rahoto a rubuce, a ba shi lokacin amsa. Hukunci kuma ya bi girman laifi: kuskure a gyara a koyar, ƙari a zare shi daga biya na gaba, zamba da gangan a miƙa ta ga shari'a. Hukumomin yaƙi da cin hanci, irin tsohuwar HALCIA da aka kafa a 2011 da COLDEFF da aka kafa a 2023, suna zuwa ne bayan ɓarna ta auku. Binciken kowane wata uku a gunduma shi ne rigakafi, rigakafi kuwa ya fi magani.

ABIN DA WASU SUKA YI

Ƙasar Burundi ta mai da haihuwa da maganin ƙananan yara kyauta a 2006, shekara ɗaya da Nijar, ta kuma faɗa cikin irin wannan jinkiri na biya. A 2010 sai ta haɗa kyautar da wani tsari inda ake tabbatar da lambobin kowane gidan likita a kai a kai, ƙungiyoyin gari su bi marasa lafiya gida, sannan a zuba kuɗi kai tsaye a asusun gidan likitan. Burkina Faso kuwa, da ta fara tata kyautar ga mata masu ciki da yara a 2016, ta zaɓi ta riƙa ba da kuɗin tun kafin aiki, ta kuma ɗora wa wasu ƙungiyoyi masu zaman kansu nauyin bin gidajen likita suna gwada takardu da gaskiya. Tsarin ƙasashen biyu bai rasa nasa matsaloli ba, har da sabon jinkiri a shekarun da kuɗi suka yi ƙaranci. Amma dukansu sun gane cewa biya da bincike tagwaye ne.

A Nijar ma an kama wannan hanya da aka kafa hukumar INAM a farkon shekarun 2020, domin a samu gida ɗaya mai karɓar takardun kyauta, ya tace su, ya biya. Raba mai ba da magani da mai biya mataki ne mai kyau. Sai dai hukuma ba ta biya da suna. Ƙarfinta yana ga kuɗin da aka sa mata a kasafi aka kuma sake su kan lokaci, da yawan masu tabbatarwa da za su iya kai ƙafa har ƙauyukan Tanut da Dakwaro da Abalak.

NAUYIN DA KE KAN KOWA

Gomnati ce ke da matakin farko. Mai bin doka ga wani sai ya fara bin ta a kansa. In an yanke wa majo ranar da zai kawo faktir, a yanke wa baitulmali ranar da zai biya. In an zare wani abu daga faktir, a faɗa wa mai shi dalili a rubuce. A kuma riƙa sake duba kuɗin da aka yanke wa kowane aiki, domin farashin magani na 2006 ba shi ne na yau ba, kuma kuɗin da bai kai tsadar aiki ba yana tura mutum ga ƙari.

Shugabannin gunduma su koya wa sababbin ma'aikata cika rajista kamar yadda ake koya musu yin allura. Ma'aikacin lafiya ya sani cewa rajista mai tsabta ita ce garkuwarsa ranar da masu bincike suka iso.

Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci suna da babban rabo a wannan aiki. Ya kamata kowane gidan likita ya kafa allo a bakin ƙofa, da Hausa ko Zabarmanci ko harshen wurin, mai nuna abin da ke kyauta da abin da ake biya da nawa ne. Mai iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Wanda ya biya ko dala ɗaya ya nemi resi, ya duba ko lambar da ke kai ita ce ya bayar. Uwa ta adana karnen ɗanta, ta tabbata an rubuta ranar zuwa da maganin da aka ba ta. Ƴan kwamitin COGES su halarci ƙidayar magani, kada su sa hannu a takardar da ba su karanta ba. Mai gari da liman su karɓi masu bin gida-gida da hannu biyu, su gaya wa mata su faɗi gaskiya ba tsoro.

Kuɗin kyautar magani daga harajin ƴan ƙasa da taimakon abokan hulɗa suke fitowa, kuma suna da iyaka. Kowane suna na ƙarya a rajista yana cin rabon wani yaro na gaske da za a kawo gobe da zazzaɓi. Kowane faktir na gaskiya da ya kwana a biro ba a biya ba, shi ma rabon wannan yaron yake ci. A biya kan lokaci, a bincika da adalci, sai kyauta ta tabbata kyauta.